Inda Baƙin Man Babur ɗin Baba Ya Shiga

Ranar Asabar, sha huɗu ga watan Maris na shekarar 1998, lita huɗu na baƙin mai ne ba a san inda suka shiga ba a gidan marigayi mai duba layin waya. Lissafin kuwa ba mai wuya ba ne. Tankin man babur ɗin marigayin yana cin lita biyu da rabi, kuma a cike ya bar shi a watan Janairun 1995, lokacin da ciwon ajali ya kwantar da shi. Daga baya babban ɗansa ya ƙara lita ɗaya, bayan wani lokaci ya sake ƙara wata. A safiyar wannan Asabar, abin da ya rage a gindin tankin bai wuce rabin lita ba. Babur ɗin bai taɓa gusawa daga inda aka kafe shi ba, ba wanda ya tayar da shi, kuma simintin garejin a bushe yake ƙayau, ko ɗigo ɗaya babu.

Saboda waɗannan lita huɗu ne aka ba mai aski wa'adin ƙarshen wata ya kwashe madubansa. Shekara goma sha tara ke nan yana haya a ɗakin da ke manne da garejin, mai ƙofa ta bakin titi, kuma marigayin da kansa ya ba shi makullin garejin don ya riƙa ajiye ɗan janaretonsa a ciki. Janareto yana shan baƙin mai, mai aski yana da makulli, mai kuma yana raguwa. Babban ɗan gidan, wanda ƙannensa ke kira Yaya, mai kula da sito ne a wani kamfanin kayan gini, kuma aikinsa ya koya masa cewa duk abin da ya ragu a ɗakin ajiya, hannun mutum ne ya rage shi. Wata safiya cikin Fabrairu ya shigo ba zato, ya tarar da mai aski a sunkuye kan babur, murfin tanki a buɗe, kwalbar mai a hannunsa. Mai aski ya ce zubawa yake yi. Yaya ya yi dariya har da dafa bango, ya ce bai taɓa ganin ɓarawo mai kawo gudummawa ba sai ranar.

Auta, ƙanwarsa, ba ta taya shi dariyar ba, ko da yake ita ma ba ta gaskata mai aski ba. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne simintin. Ita ma'aikaciyar hukumar ruwa ce, a sashen da ke bin bututu don gano inda ruwa ke zurarewa, kuma ta sani cewa abin da ke gudana ba ya ɓacewa: ko dai ya sami kafa ya fita, ko ya taru a wani wuri. Wuyan tankin nan siriri ne. Mai son ɗebo mai daga cikinsa sai ya zura tiyo ya zuƙa da baki. Mutumin da zai yi haka shekara uku bai ɗiga ko ɗigo ɗaya a ƙasa ba, a ganinta, aiki ya kamata a ba shi a hukumarsu maimakon takardar kora.

Ta iso gidan da hantsi, sanye da rigar aikinta mai ruwan toka, riƙe da galan ɗin sabon mai da akwatin sifanunta. Mahaifiyarsu tana zaune a baranda tana ɗinke bakin rigar matashin kai.

"Inna, ina makullin gareji?"

"Me za ki yi da shi? Yayanki ya ce kada kowa ya taɓa komai, wai shaida ce."

"Juyen mai zan yi wa babur ɗin Baba."

Inna ta dube ta ta saman tabarau. "Wane man za ki juye, tunda an ce an shanye shi?"

"Shi nake so in gani da idona."

"Ke dai tun kina ƙarama ba a ajiye agogo kusa da ke." Ta kwance makullin daga gefen zanenta ta miƙa mata. "Abu ɗaya ubanku ya ce mini kan babur ɗin nan: kada a bar shi da ƙishirwa. Shi ya sa nake matsa wa yayanki ya riƙa leƙawa. Ga shi leƙen ya jawo mana abin kunya. Mutumin da ya yi wa ubanku askin ƙarshe a kan gado, yau shi ake nuna wa ƙofa."

Babur ɗin yana tsakiyar garejin a kan jakinsa, lulluɓe da tsohon bargo. An ƙera shi a 1956 a wata ƙasa ta ƙetaren teku. Silindarsa ɗaya ce, baƙin fenti ne a jikinsa da siririn layi mai ruwan zinariya a gefen tankin fetur. Ya shigo ne cikin rukunin baburan da ma'aikatar waya ta saya wa masu duba layi, da aka yi gwanjonsu a 1963 kuma Baba ya sayi wanda yake hawa. A bangon da ke bayansa akwai kwanoni biyu na ƙarfe rataye a ƙusa, babba da ƙarami, dukansu cikinsu ya yi baƙi. Auta ta san su tun tana yarinya, amma sai yau ta tambayi kanta dalilin da mutum mai babur ɗaya zai ajiye kwano biyu.

Ta yaye bargon, ta durƙusa, ta haska tocila. Tankin man yana ƙarƙashin sirdi ta dama, ɗan ƙarami mai siffar aljihu. Baburan da ta saba gani a titi a gindin inji suke riƙe mansu, amma maƙeran wancan zamani wuri dabam suke yi wa mai, don ya riƙa hucewa kafin ya koma aiki. Ta ga bututu biyu sun fito daga tankin sun gangara cikin inji. Ta buɗe murfin ta leƙa. Ɗaya daga gindin tankin yake ɗiba. Ɗayan kuwa ya hau ta ciki har kusa da wuya, da ɗan rami a gefensa. Ta bi su da yatsa, na zuwa da na dawowa, kamar yadda take bin taswirar unguwa a wurin aiki. Ko'ina a bushe. Ta shafa ƙasan injin, ƙura kawai ta ɗebo.

"Injiniya, ke ce a nan?"

Mai aski ne a bakin ƙofa, rungume da kwali. Ya haura sittin, gashin kansa fari fat, kuma a gyare kamar kullum. Ta ƙofar shagonsa ta hango bangon da ya sauke madubai biyu daga ciki, wurin ya bar alamar fenti mai haske.

"Ni ce, Baba mai aski. Har an fara ɗaure kaya? Ai da sauran kwanaki."

"Gara in tafi da ƙafata." Ya ajiye kwalin. "Janaretona na zo ɗauka."

"Tsaya tukuna. Don Allah gaya mini gaskiya, me ya kai ka buɗe tankin nan?"

Ya dubi babur ɗin. "Na ji yayanki a tsakar gida yana ƙorafi wai mai na raguwa. Na ce to, ni ke da makulli, gobe ni za a kalla. Gara in cika shi kowa ya huta. Kwalba guda na zuba, cikin na janaretona. Ina cikin rufewa ya shigo."

"Daga nan fa?"

"Bayan mako biyu na leƙa. Ya tafi." Ya rage murya. "Tun daga ranar ba na shigowa nan ni kaɗai in rana ta faɗi."

"Aljani kake tsoro, Baba?"

"Ban ce aljani ba. Na dai ce ba na shigowa ni kaɗai."

Ta yi murmushi, ta koma kan aikinta. Akwai wata magana da Yaya ya ƙara a kan tuhumar. A ranar da ya kama mai aski ya gwada taka kik, wato sandar da ake bugawa da ƙafa a tayar da inji, ya ji ta yi tauri, sai ya yanke hukuncin cewa rashin mai ya sa injin ya cije, kuma alhakin mutuwarsa yana wuyan mai aski. Auta ta so ta ji taurin da kanta. Ta ɗauko sifana don ta kwance filogi, ya fita lafiya. Amma da ta gwada sauran notocin jikin injin, ba sifanarta ɗaya da ta zauna daidai: wannan ta yi yawa, waccan ta yi kaɗan. A shekarun da aka ƙera babur ɗin, da inci ake auna noti, bisa wani tsari da masana'antu suka watsar daga baya, sifanun zamaninta kuwa na milimita ne. Ta buɗe ɗan akwatin ƙarfen da ke gefen hagu, ta tarar da na Baba a naɗe cikin tsumma, sun yi santsi saboda riƙo. Ta farkon da ta ɗauka ta shige kan noti kamar an zuba ta.

Da filogi a waje, ba abin da zai tare fistin. Ta danna kik da tafin hannu. Ya tafi, amma da nauyi, kamar ƙafar da ta nutse a laka. Injin da ya cije ba ya tafiya ko kaɗan, wannan kuwa yana tafiya. Ta sake dannawa, wannan karon kunnenta manne da gindin injin.

"Baba mai aski, zo ka danna mini wannan a hankali."

Ya danna. Daga can ciki ta ji wata ƙara mai kauri, ƙul, ƙul, irin ta tulun da aka girgiza.

Ta zauna a kan dugaduganta, ta dubi tankin, ta dubi gindin injin, ta auna tazarar da ke tsakaninsu da hannu. Tankin ya fi injin tudu da kamar taƙi biyu. A unguwannin da take aiki ta sha ganin gidan da ake cika tankin saman rufi da yamma, a wayi gari ya yi rabi, maigida ya hau faɗa da maƙwabta, alhali wata 'yar ƙaramar mariƙa mai hana ruwa komawa ce ta cinye a cikin famfo, ruwan yana sulalewa ya koma ta inda ya zo. A ƙarƙashin injin, can inda ido ba ya kaiwa sai an kwanta, yatsanta ya ci karo da wani noti mai faɗin kai.

"Miƙo mini ƙaramin kwanon can."

Ta shimfiɗa kwali ta kwanta, ta sa sifanar Baba, ta ja. Notin ya ƙi. Ta buga gindin sifanar da tafin hannu, ya saki da 'yar ƙara. Ta ƙarasa kwance shi da yatsu, tana jin yadda wani abu ke turo shi daga ciki, kafin ta ankara ya kuɓuce mata ya faɗa cikin kwano, baƙin mai ya ɓalle da kaurin babban yatsa.

"Innalillahi!" in ji mai aski.

Kwanon ya yi rabi kafin ta ɗaga kai. Ta ga ba alamar tsayawa.

"Babban kwanon! Yi sauri!"

Ya fizgo shi daga ƙusa, suka musanya, mai ya wanke mata hannu har gwiwa. Babban ma ya kama hanyar cika. Mai aski ya tsuguna, da farar rigarsa da komai, ya toshe ramin da babban yatsansa, yana ƙwala kira: "Hajiya! Hajiya, a kawo bokiti!"

Inna ta shigo da bokitin wanki, ta tsaya tana kallon 'yarta a kwance a ƙasa da ɗan hayarta riƙe da cikin babur kamar mai tsayar da jini.

"Wannan duk daga ina?"

"Daga inda aka zuba shi, Inna," in ji Auta.

Inna ta dubi ƙaramin kwanon da ke gefe, cike fal. Ta yi ɗan tunani. "Ikon Allah. Ai duk sanda ubanku ya dawo daga dogon hutu, kafin ya tayar da shi sai ya kwanta a nan da ɗan kwanon nan, ya tari abin da ya fito, ya mayar cikin tanki. Ni na ɗauka rowa ce."

"Inna! Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Wa ya tambaye ni? Ni ƙishirwa aka ce in kula da ita."

Ana cikin haka motar Yaya ta tsaya a waje. Ya shigo yana kaɗa makullai, ya ga ƙofar gareji a buɗe, fuskarsa ta canza tun kafin ya ƙaraso.

"Auta, ba na ce kada a taɓa... Malam, me kake yi a nan kuma? Wannan man na waye?"

"Naka ne, Yaya," in ji Auta, tana goge hannu. "Da na Baba. Ina kwalaben da ka zuba? Na san ba ka yar ba."

Bai yar ba. Suna kan kanta a jere, ya ma rubuta wa kowace watan da ya zuba ta. Auta ta ɗauko su, ta aro wasu uku irinsu masu cin lita guda a shagon mai aski, ta kafa mazurari. Kafin ta fara awo ta lura da wani abu: murfin gefen hagu, inda sarƙar da ke haɗa inji da giya take, yana da ɗan dunƙulen noti a ƙasa da wani ƙarami a sama da shi kaɗan. Ta kwance na saman, wanda aka yi don nuna iyakar man wurin. Maimakon ɗigo, sai mai ya yi tsartuwa ya sami takalmin Yaya. Da gindin injin ya cika, ashe man ya bi ta jikin ƙarfen da ke juyawa ya tsallaka ɗaki na gaba.

Suka tsiyaye shi duka. Yaya ya karɓi mazurarin daga hannunta, ya ce awo aikinsa ne. Ya cika kwalba ta farko, ya cika ta biyu, ta uku, ta huɗu, yana ɗaga kowace saitin haske don ya ga ta kai layi. Da ta huɗu ta cika ya miƙe tsaye.

"To. Lita huɗu. An gano su." Ya gyara murya. "Wannan ya nuna ba a ɗiba ba, na yarda. Amma bai nuna..."

"Yaya, dubi bokitin."

Akwai saura. Auta ta cire kimanin kofi ɗaya, ta ce wannan na gidan sarƙa ne tun asali, kada a sa shi a lissafi. Abin da ya rage Yaya ya juye a kwalba ta biyar. Ya hau, ya hau, ya tsaya yatsa ɗaya ƙasa da layi, sauran kuwa yana hannun rigar Auta da takalminsa.

 A shekarunsa na sito Yaya ya saba da kaya su gaza lissafi, ya kuma san abin da ake yi in sun gaza. Kaya su zarce lissafi kuwa bai taɓa faruwa da shi ba. Ya juya kwalbar a hannunsa kamar zai sami bayani a bayanta.

"Wannan ta biyar ɗin fa?" in ji Inna, alhali ta san amsa.

"Ta janaretona ce, Hajiya," in ji mai aski. Ya ɗauki tsumma ya goge yatsansa, ya fita zuwa shagonsa ba tare da ya dubi kowa ba.

  Auta ta miƙa wa Yaya tasa da kananzir.

"Tunda ka ɓata takalmi, zauna ka wanke mini wannan."

Rariyar waya ce da ta zaro daga gindin tanki, ta toshe da dauɗa. Ya zauna a kan bulo yana wankewa da tsohon buroshin haƙori. Ita kuwa ta tsiyaye rabin litar da ta rage a tanki, ta ɗauraye shi, ta mayar da notocin ƙasa da sababbin zobban tagulla da ta samu a akwatin Baba. Ta zuba kofi ɗaya na sabon mai a gidan sarƙa har ya leƙo ta ramin iyaka. Ta juye tsohon fetur, wanda ya koma ja yana warin fenti, ta zuba sabo, ta kwance ƙoƙon kafireto ta kankare ɗanƙon da ya daskare a ciki, ta hura ƙananan ramukansa da baki. Babur ɗin ba ya jiran batir, maganaɗisu ne ke ba shi wuta, don haka ta buɗe murfinsa ta zura 'yar takarda mai kauri tsakanin ƙarafa biyun da ke haɗuwa su rabu, ta goge su. Da ta jingina filogi a jikin inji ta danna kik, wuta shuɗiya ta yi tsalle, ƙyas. Ta mayar da filogin wurinsa, ta shafa wa sarƙar baya mai, Yaya ya buga wa tayoyi iska, yana yi yana duban ƙofar shagon.

Da ta zo zuba sabon mai, ya ce, "Cika shi sosai."

"A'a. Sai an bar masa wurin dawowa."

Suka turo shi ƙofar gareji. Yaya ya ce shi zai buga, tunda shi ne babba. Ya taka sau uku ba labari, a na huɗu kik ɗin ya dawo ya daki tafin ƙafarsa, ya yi tsalle gefe yana salati.

"Ya rama wa mai aski," in ji Inna daga baranda.

Auta ta hau. Ta tuna yadda Baba yake yi lokacin da take tsaye da jakar makaranta tana jiransa: ya danna ɗan maɓallin kafireto har fetur ya jiƙa masa yatsa, ya taka kik a hankali har ya ji ya cije, ya ja ƙaramin hannun da ke ƙarƙashin na kuloci ya wuce da shi kaɗan, sannan ya tashi ya sauko da dukkan nauyinsa. Ta yi haka. Injin ya yi tari. Ta sake. Sai ya kama, dum, dum, dum, da wata murya mai zurfi da titin bai ji ba shekara uku, farin hayaƙi ya turnuƙe ƙofar gida har masu wucewa suka tsaya.

Akwai abu ɗaya da Baba yake yi bayan wannan, wanda yaran gidan suke ce wa gaisawa da babur. Yakan buɗe murfin tankin mai ya sunkuya ya zuba ido, ba ya hawa sai ya ga wani abu. Auta ta buɗe, ta sunkuya. Ɗan ramin da ke jikin bututun sama a bushe yake. Ta jira, hannunta a kan makunnin kashewa, domin in famfon man da ke cikin injin bai ja ba, injin zai ci kansa cikin ɗan lokaci. Ramin ya tofar da kumfa. Ya sake tofarwa. Sannan mai ya fara fitowa tsirit, tsirit, yana bin bugun injin.

"Yaya, zo ka gani. Famfo biyu ne a ciki, ɗaya ya kai, ɗaya ya dawo da shi. In yana aiki kullum, abin da ya sulale ƙasa yakan dawo da safe. Da aka ajiye shi, ba mai dawo da shi, mu kuma muna ta ƙarawa."

Yaya ya leƙa, ya daɗe yana kallo. Daga nan ya miƙe, ya nufi shagon, yana ɗingishi. Auta ta kashe injin ta bi bayansa har bakin ƙofa.

Mai aski yana naɗe almakasai cikin tawul. Yaya ya tsaya a tsakiyar ɗakin, ya rasa inda zai sa hannuwansa. Ya sunkuya ya zaro babban madubin daga cikin kwali, ya ɗaga shi da ƙyar, ya laluba ƙusar da ke bango ya rataye.

"Baba, na yi maka ba daidai ba. A gaban mutane na faɗa, a gabansu zan janye. Ka yi haƙuri."

 Mai aski ya ci gaba da naɗe tawul ɗinsa har ya gama, ya ɗaga kai ya dubi bangon.

"Ya karkace."

Yaya ya gyara.

"Ta ɗaya gefen."

Ya sake gyarawa. Mai aski ya zo ya tsaya bayansa, ya dubi ƙeyarsa a cikin madubin, ya girgiza kai.

"Wa ya yi maka wannan askin?"

"Wani ne can kusa da wurin aiki."

"Da gani. Ya bar maka tudu a hagu kamar an yi da cokali." Ya warware tawul ɗin da ya naɗe, ya karkaɗe kujera. "Zauna, kada a ce ɗan gidan nan ne ke yawo haka."

Auta ta koma gareji. Ta wanke kwanonin biyu da kananzir ta mayar da su ƙusoshinsu, ta jera kwalabe biyar na tsohon mai a gefe don a kai wa masu shafa wa katako. Ta riga ta fara tunanin yadda za ta buɗe famfon ta ga wace 'yar mariƙa ce ta cinye, da kuma ko za a iya samun irinta.

Mai aski ya ci gaba da sana'arsa a wannan ɗaki har watan Yunin 2009, lokacin da hannunsa ya fara rawa, ya bar wa ɗan ƙanwarsa shagon.